Ciyaman Ya Fara Daga Shekara Ta Goma

Kujerar Ciyaman ita ce ta bakin taga. Duk wanda ya san shagon aski ya san darajar wannan wuri: nan iska take, nan haske yake, kuma duk wanda ya leƙo daga titi mai wannan kujerar yake fara gani. Ni tawa tana can ciki kusa da famfo, inda sai wanda ya gaji da jira yake ƙarasowa. Mun daɗe muna aiki kafaɗa da kafaɗa a shagon Gwaggo, tsohuwar da ta gaji wurin daga marigayi mijinta. Da kujerar nan Ciyaman yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa uku, ba shi da wata hanya bayan ita.

Bai taɓa shugabantar ko da layin ɗiban ruwa ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma muka bar masa tunda ba saye ake yi ba. Hannunsa yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Bakinsa ne ba ya hutawa.

Wata safiya yana tsakiyar yi wa wani malamin makaranta aski, sai ya kashe kilifa ya juyo wajena.

"Dogo, ka san abin da ya sa talaka yake mutuwa a talakansa?"

"Rashin abin hannu," na ce.

"Rashin tsari. Ni na zauna na tsara rayuwata ta shekara goma masu zuwa, kuma duk tana nan." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da matajin da ke hannunsa. "A shekara ta goma zan kasance da tumbi, da mota, da tabarau irin na manya. Sannan in yi ritaya a gaban jama'a, a tafa mini."

"Allah ya nuna mana."

"Ka ji irin taku. Kowa daga shekarar farko yake farawa, ya yi ta jan ƙafa, kafin ya kai ta goma ya gaji ko ya mutu. Ni daga ta goma zan fara in riƙa dawowa baya. In gama da mai wuyar tun ina da ƙarfina, sauran tara gangara ce."

Malamin da ke ƙarƙashin ƙyalle, rabin kansa a aske, ya ce, "Ni dai a ƙarasa mini nawa daga inda aka tsaya."

"Malam, kana zaune a hannun mutumin da ya riga zamaninsa, ka yi haƙuri."

Da tumbin ya fara. Ciyaman siriri ne, in ya tsaya a bayan sandar lantarki sai ka nema. Ya tafi wajen telan da ke kusa da mu ya ce a gwada shi. Tela ya zagaya ƙugunsa da tef, Ciyaman ya buge masa hannu.

"Ba wannan jikin za ka gwada ba. Jikin da zan yi nan da shekara goma za ka ɗinka wa."

"To ina jikin yake in gwada?"

"Yana hanya. Ka ƙara hannu biyu ta gaba, ɗaya ta baya."

Tela bai yi musu ba, don shi ma yana son abin dariya. Ranar da Ciyaman ya shigo shago cikin sabbin kayan, sai da Gwaggo ta leƙa ta wuyan rigar ta tabbatar akwai mutum a ciki. Wandon ba bel ɗin da ya iya riƙe shi, sai ya ɗaure da guntun wayar lantarki. Da ya ga rigar tana lilo babu abin da ya tokare ta, ya sa filo a ciki ya ɗaure, wai don jikin ya san inda ake jiransa. Tsofaffin kayansa kuwa ya rabar da su duka, ya ce mai tsari ba ya ajiye abin da zai ja shi baya.

Daga nan sai mota. Gidansa ɗan ƙarami ne da ya gada, katanga ɗaya ce tsakanin tsakar gidan da titi. Ran wata Asabar muka ji rugugi, muka fito, sai ga Ciyaman da guduma yana rushe katangar. Matarsa tana zaune a tsakar gida da bahon wanki, ta ɗago kai ta ga duk layin yana kallonta.

"Maigida, me katangar ta yi maka?"

"Gareji ne. Ta ina kike so motar ta shiga?"

"Wace motar?"

"Wadda za ki riƙa zama a gabanta kina ɗaga wa mutane hannu."

"Ga shi tun yanzu na fara," ta ce, ta ɗaga wa mai tura baro hannu da kumfa, shi ma ya ɗago mata. "To ƙofar garejin fa?"

"Ƙofa tana shekara ta takwas."

"Ɓarayi kuma a wace shekara ka sa su?"

Ya ci gaba da duka. Daga ranar gidan Ciyaman ya zama hanya. Masu zuwa kasuwa suka gano cewa in ka bi ta tsakar gidansa ka fita ta ƙofar baya ka rage tafiya, suna wucewa suna yi wa matar sannu da aiki. Karnukan layin suka mai da wurin majalisa. Maƙwabcinsa Mai Tasi, wanda ya daɗe yana neman inda zai riƙa ajiye motarsa, ya zo da fara'a ya ce a ba shi aron garejin kafin ta Ciyaman ta iso. Ciyaman ya amince baki har kunne. Kullum da safe sai ka gan shi da bokiti da soso yana wanke tasin, yana gaisawa da mutane hannu ɗaya a kan bonet. Mai Tasi kuwa ya daina biyan mai wanki, har ya fara yi masa faɗa in tayoyin ba su fita ba.

Abin da ya jawo masifa ta gaske shi ne tabarau. Idon Ciyaman lafiya lau yake, yana iya hango furfura ɗaya a kan mutum daga bakin ƙofa. Amma ya lissafa cewa nan da shekara goma idon zai yi rauni, don haka gara ya saba tun yanzu. Ya je wajen mai sayar da tabarau a bakin hanya ya ce a ba shi mafi ƙarfi. Aka ba shi wani mai kauri kamar gindin kwalba. Da ya shigo shago da shi, ya yi wa madubi sallama ya tsaya jiran amsa.

"Cire abin nan kafin ka taɓa kan mutum," na ce masa.

"Dogo, ni yanzu ina ganin abin da ba ka gani."

"Na yarda. Wannan da kake wa magana rigar ruwa ce a rataye, ni ina nan."

Cikin rashin sa'a wanda ya fara zama a kujerarsa Mahauci ne. Mahaucin layinmu mutum ne mai ƙirar ƙarfi, ba ya yawan magana, kuma babu abin da yake ji da shi a duniya kamar gashin bakinsa. Gyaran gefe kawai ya zo yi. Ciyaman ya yafa masa kyalle, ya kunna kilifa, ya sunkuya. Filon ya tokare kafaɗar Mahauci, hannun rigar mai faɗi ya rufe masa fuska, kilifar ta bi ta inda tabarau ya nuna mata. Da aka janye hannun rigar, gashin bakin ɓangaren hagu babu shi.

Mahauci ya daɗe yana kallon madubi.

"Ina sauran?" ya tambaya a hankali.

"Yallaɓai, wannan shi ne yayin da za a yi nan da shekara goma. Kai ne na farko a garin nan."

Mahauci ya miƙe da ƙyallen a wuyansa. Ciyaman ya nufi ƙofa, amma ƙofar da tabarau ya nuna masa ta cikin madubi ce, ya yi karo da madubin har goshinsa ya yi ƙulu. Ni da mutum biyu muka riƙe Mahauci, shi ma don ya ga dama ne ya tsaya. Ni na ƙarasa aske ɗaya ɓangaren, ina yi ina ba shi haƙuri.

Gwaggo ta fito daga ɗakin baya da sandarta. Ba ta ɗaga murya, ba ta taɓa buƙatar hakan ba.

"Kai, zo nan. Ba can ba, nan nake."

"Na'am, Gwaggo."

"Ka ga mutumin can?" Ta nuna ta taga. A tsallaken titi akwai wata bishiya, a gindinta akwai Mai Benci, wanzamin da ke aski a kan benci da almakashi da ɗan madubi rataye a ƙusa. In ruwa ya sauko ya tashi, in rana ta juya ya ja bencin. "Duk wata sai ya zo ya gaishe ni, kuma ba fuskata yake kallo ba, kujerarka yake kallo. Na haƙura da kai saboda 'ya'yanka. Ka ƙara yi mini shirme ɗaya, kujerar tasa ce."

"Gwaggo, in kin fahimci tsarin..."

"Na fahimci gashin baki ba ya tsirowa a yini ɗaya. Cire gilashin."

Ya cire, ya sa a aljihu. Na ɗauka ya ji. A gaskiya na ji tsoro a madadinsa, don na san abin da ake dafawa a gidansa daga kujerar nan yake fitowa, kuma na san Gwaggo ba ta maimaita magana. Da muka tashi na bi shi har bakin garejinsa ina ba shi baki.

"Ka bar abin nan haka. Ka yi tumbi, ka yi gareji, ya isa."

"Saura abu ɗaya shekara ta goma ta cika, Dogo. Ritaya."

"Ritaya daga me?"

"Daga aiki mana. Biki ne kawai. A yi shi a wuce wurin, washegari in dawo in kama shekara ta tara."

"Ka gaya wa Gwaggo biki ne kawai?"

"In na gaya mata ai armashin ya tafi. So nake ka ga yadda za ta yi kuka tana roƙona in zauna."

Matarsa tana daga ciki tana tankaɗe, duk tana ji, tunda babu katanga. Ta ce, "Dogo, don Allah in za ta yi kukan ka aiko a kira ni, ban taɓa gani ba."

Ranar bikin aka kafa rumfa a ƙofar shago, aka jera kujerun roba, aka kawo lemo da biskit. Jama'a sun taru fiye da yadda na zata, don labari ya zaga cewa Ciyaman zai yi magana da lasifika, kuma ba wanda yake so a ba shi labari. Tela ya zo, Mai Tasi ya kawo motarsa ya ajiye a gefe don a ɗauki mai ritaya zuwa gida, Mahauci ya zauna a layin gaba da leɓensa a fili. Mai Benci ya tsallako da wankakkiyar riga. Gwaggo ta sa aka fito mata da kujerarta, ta zauna ta ɗora haɓa a kan sanda.

Ana dab da farawa lasifikar ta ƙi tashi, mai ita ya ce guntun waya ya rasa. Ciyaman ya leƙa ko'ina bai samu ba, sai ya juya baya ya kwance ta ƙugunsa ya miƙa. Haka ya hau kan akwatin lemo, tabarau a fuska, hannun dama riƙe da makirfo, hannun hagu riƙe da wando.

"Jama'a," ya fara, "yau rana ce da na yi shekara goma ina jira, ko da yake ban jira ba."

Aka tafa. Tafin nan shi ya ƙarasa shi.

"Mutum in zai bar aiki, ya kamata ya faɗi gaskiyar da ya daɗe yana haɗiyewa. Dogo abokina ne, amma askinsa irin na mai yankan ciyawa ne. Tela, kai kuma rigunan mutane kake rage wa yadi, kowa ya sani. Mahauci, ka gode mini, sai yanzu matarka ta fara ganin bakinka."

Dariya ta ɓarke. Mahauci bai motsa ba, amma kujerar robar da ke ƙarƙashinsa ta yi ƙara. Ina ta yi wa Ciyaman alama da hannu ya sauka, shi kuma da wannan tabarau ya ɗauka jinjina nake masa.

"Sai Gwaggo. Gwaggo uwa ce, amma in aka ɗauke wuta gara ka nemi jininta da ka nemi man janareta. Kuma in ba don ni ba, da tuni shagon nan ya koma wurin ajiye gawayi. Ni na riƙe shi. Yau na sauke."

Wannan karon ba a tafa ba. Shi bai lura ba. Ya sa makirfo a hammata, ya zaro kilifarsa daga aljihu, wadda ya fi ƙauna, ya ɗaga ta sama.

"Mai Benci, matso. Babba in zai tafi yakan bar wa na baya abin tunawa. Riƙe wannan, ni na wuce wurin."

Mai Benci ya karɓa da hannu biyu har da rusunawa, ya sa a aljihu ya danne da tafinsa.

Gwaggo ta miƙe. Ba ta nemi makirfo ba, kuma har na bayan rumfa sun ji ta.

"Madalla da wannan jawabi. Tun da nake ban taɓa ganin ma'aikacin da ya sallami kansa ya kuma kawo lemo ba. Na karɓi ritayarka, Allah ya ba da hutu mai amfani." Ta juya. "Mai Benci, gobe da safe ka zo. Ta bakin taga."

Ciyaman ya yi dariya shi kaɗai. "A'a, Gwaggo, ba ki gane ba. Wannan ritayar ta shekara ta goma ce. Gobe zan dawo in shiga ta tara."

"Wanda ya riƙe shago shi kaɗai ai ya gaji, ɗana. Je ka huta."

"Wallahi biki ne kawai. Dogo, gaya mata."

"Ni mai yankan ciyawa ne," na ce, "me na sani?"

Nan ya gane abin ya wuce wasa. Ya diro daga kan akwatin ya nufi inda yake zaton Mai Benci yake, ya miƙa hannu biyu zai karɓe kilifarsa. Hannu biyun nan kuwa har da na hagu. Wandon ya sauka ƙasa gaba ɗaya ba tare da ya tsaya ko'ina a hanya ba, filon ya biyo shi ya faɗi a gaban jama'a. Wanda ya cafko kuma ba Mai Benci ba ne, Mahauci ne.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tela har da kwanciya a kan kujeru. Mahauci ya ɗaga Ciyaman ta wuyan riga, amma rigar ce ta taso, mutumin ya zame ta ƙasa ya bar masa ita. Ya tattara wandon a ƙirji ya ruga wajen tasin yana kiran a buɗe. Mai Tasi kuwa ya ga taro ya watse, ya riga ya cika motar da fasinja. Ya leƙo ta taga ya ce, "Ciyaman, babu wuri. Amma tunda ka zo, taimaka da turi, batirin ya yi sanyi."

Matarsa ta ratso cikin mutane, ta ɗauki filon ta kakkaɓe. "Nawa ne," ta ce wa na kusa da ita. "Na daɗe ina nema, har na zargi karnuka." Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannun mijinta ta ja shi gida, suka shiga ta gareji.

Washegari na iso shago na tarar Mai Benci ya riga ni, yana goge kujerar bakin taga da tawul. Can sai ga Ciyaman ya zo ya tsaya a waje, cikin wata babbar rigar, don ba shi da sauran ƙananan. Ya daɗe yana kallon kujerar ta taga. Gwaggo ta gan shi, ta ci gaba da shan shayinta. Duk da maganar ciyawar, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Matarsa ce ta zo ta same shi a wurin. Ta miƙa masa wata tsohuwar jaka, na gane ta, ita ce ta almakashi da matajin da ya fara koyon aiki da su. Sai ta nuna masa tsallaken titi da haɓa. Bencin yana nan a gindin bishiya, ɗan madubin ma Mai Benci ya bar shi a ƙusa.

Har rana ta ɗaga ba wanda ya zauna masa. Mutane suna wucewa suna yi masa barka da ritaya. Da na ga abin ya yi yawa, na ajiye kilifata na tsallaka, na zauna a kan bencin duk da gashina bai taru ba.

"Ka gani ko, Dogo?" ya ce, muryarsa a dishe. "Jiya ina shekara ta goma, yau ga ni a ta farko. Abin da ke cin mutane shekara goma, ni a kwana ɗaya na ratsa shi."

"Na gani. Cire tabarau tukuna."

Ya cire. Idanun sun yi ja, kuma ba ƙarfin gilashin ba ne. Ya juya baya ya goge fuska da hannun rigar, wanda yau dai faɗinsa ya yi amfani. Sannan ya yafa mini ƙyalle, ya ɗauki almakashi, ya tsaya yana duban kaina.

"Ta ina kake so a fara?"

"Daga farko," na ce.